Ranar Da Na Gaya Wa Babana Ba Na Nan

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta da ita. Ita ce ranar da na durƙusa a gaban mahaifina, da rana tsaka, mutane suna wucewa, na buɗe baki na tabbatar masa cewa ba na nan.

Bari in fara daga gida, don in ba haka ba za ku ɗauka taɓin hankali ne ya same ni.

Babana tela ne a unguwar Soron Ɗinki, cikin birnin Kano. Kekensa yana cikin soron gidanmu, dab da ƙofa inda haske yake shigowa, kuma bayan La'asar dattawan lungunmu a dakalin ƙofar suke zama, yana ɗinki yana tsoma baki a hirarsu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Sauran mutanen unguwa kuma suna cewa Ummi.

Da na samu gurbin karatu a wata jami'a da ba a Kano take ba, wanda ya fi kowa tayar da jijiyar wuya shi ne Baffa Garba, yayan Baba. A dakalin nan ya tsare shi, a gaban kowa.

“Habu, duk jami'o'in da ke garin nan ba su ishe ta ba sai an kai ta wata uwa duniya? 'Ya mace, ba uwa ba uba, ba mai ce mata bari?”

Baba ba ya musu da yayansa, ko a kan launin zare ne. Amma ranar bai ko ɗago daga kan keke ba ya ce, “Yaya, na san abin da na haifa. Uwata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.”

Ina daga bayan labulen soro na ji. A lokacin daɗi na ji har kaina ya yi girma. Ban san cewa kaya aka ɗora mini ba, kuma ba a ba ni gammo ba. (Maganar ma ba gaskiya ba ce ɗari bisa ɗari. Akwai batun wani gwangwanin madara da har yau ƙanina ne yake ɗauke da laifinsa.)

Na tafi. Hoton da na ɗauka da rigar bikin sababbin ɗalibai Baba ya sa aka yi masa gilashi, ya rataye shi a saman keke. Duk wanda ya kawo ɗinki, kafin a auna kafaɗarsa sai an nuna masa ni. Da a nan alfaharin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Matsalar ita ce, garin da nake karatu yana da babban asibitin koyarwa, kuma Baba ya samu wata magana guda ɗaya da ta zame masa kamar carbi: “Ai Uwata tana can.”

Wata za ta kai ɗiyarta tantancewar shiga jami'a? Ai Uwata tana can. An tura matar mai unguwa ganin likitan ƙashi? Ai Uwata tana can. Har wani dattijo da ban taɓa gani ba ya kira ni, ya ce Malam Habu ne ya ba shi lambata, in taimaka in yi wa shugaban jami'ar magana a kan ɗansa. Ni da ko shugaban sashenmu idan na hango shi sai in canza hanya. Kuma ku sani, labarin ƙasa nake karantawa, ba ruwana da allura ko awon jini. Amma kafin in gama aji biyu na san inda ake yankar kati, na san layin da ya fi sauri, na san ma'aikaciyar jinyar da ba a yi wa magana kafin ta sha shayi. Ƙawayena har suna suka sa mini, Hajiya mai masauki.

Kiran Baba iri ɗaya ne kullum. “Uwata, kina lafiya? Yaya karatu? Madalla. To ga Hajiya Binta nan tafe jibi, na ba ta lambarki.” Bai taɓa cewa za ki iya ba, don bai taɓa zuwa ransa cewa akwai abin da ba zan iya ba. Ni kuma sai in zuba wa muryata zuma in ce, “To Baba, Allah Ya kawo su lafiya.” Ina kashe wayar sai in kifa fuska a filo in yi ta ƙunƙuni ni kaɗai.

Za ku ce me ya hana ni faɗa masa. Nakan ji hayaniyar dakali a bayan muryarsa, kuma na san yana ɗaga murya ne don Baffa ya ji. Duk baƙuwar da ta koma Kano sai ta tsaya a ƙofar soro ta ce, “Malam Habu, 'yarka 'yar albarka ce,” shi kuma ya kalli yayansa ta gefen ido ya ci gaba da taka keke. Kowace baƙuwa shaida ce a shari'ar da ke tsakaninsu. Ta yaya zan ce masa a daina kawo shaidu?

Don haka gadona ya zama na al'umma. Ɗan siririn gadon ƙarfe ne, baƙuwa ta hau sama, mai gida ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Wata ba ta cin taliya, wata sai da koko mai zafi take buɗe baki da safe, wata kuma aikinta ke nan ta zauna a bakin taga tana ƙirga 'yan matan da suka sa wando tana salati. Na dafa, na wanke, na raka asibiti, na riƙe jaka a layi, na dawo na buɗe littafi idanuna suna rufewa da kansu. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

To sai ga makon jarrabawa a aji uku. Baƙuwar ƙarshe ta tafi ke nan, wata mai tagwaye, ta bar mini katifa a rana tana shan iska (ba sai na yi bayani ba). Ranar Larabar nan bayan Azahar nake da jarrabawar darasin da ya fi kowane ba ni wuya, wanda in na faɗi shekara guda ce za ta ƙaru a kaina. Tun ranar Talata na kashe wayata na tura ta ƙarƙashin filo, na ce ko sarkin aljanu ne yake nemana ya jira.

Da hantsi ina zaune a tabarma da littafi, sai wata ɗaliba ta leƙo ta ce, “Ummi 'yar Kano, kina da baƙi a bakin get.”

Wallahi sai da na ji hawaye sun taho.

A ɗakinmu akwai Safiya, doguwa, 'yar Gusau, ustaziya ta gaske wadda ba ta fita ko nan da can ba niƙabi. Na kama hannunta na ce, “Safiya, ki rufa mini asiri. Je ki ce musu ba na nan.”

“Ni ba na ƙarya, Ummi.”

“To ki ce wataƙila ina laburare. Ai wataƙila ba ƙarya ba ce.”

“Ga ki a zaune ina kallon ki, ina wataƙila a nan?”

Na yi ta magiya har ta gaji, ta ɗaura niƙabinta ta fita tana istigfari. Ba ta jima ba ta dawo ta cire shi ta jefar a gado.

“Wata tsohuwa ce da dattawa biyu. Na ce kina laburare tun safe, Allah Ya yafe mini. Sun ce za su jira.”

“Su wane ne?”

“Ban tambaya ba. Kina tsammanin zan tsaya hira bayan na yi ƙarya?”

Tsohuwa da 'yan rakiya. Na san wannan sarai: asibiti ne, kwana da kwanaki, koko da safe. Ga shi ƙofar fita ɗaya ce tak a wurin kwanan namu, kuma bencin baƙi yana dab da ita. Babu yadda zan kai ɗakin jarrabawa ba tare da na wuce ta gabansu ba. Ina cikin wannan tunani idona ya faɗa kan niƙabin Safiya, sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar da take zuwa wa wanda ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

“Ba don wannan aka yi niƙabi ba,” in ji Safiya.

“Na sani. Aro ne, na yau kaɗai.”

Na zura dogon hijabinta, wanda ya yi mini yawa har yana sharar ƙasa, na ɗaura niƙabin, na sa safa. Don in cika wayo har na cire tabarauna na sa a jaka, kada a gane ni da shi. Shirin mai sauƙi ne: in wuce su, in rubuta jarrabawa, in cire kayan a masallacin mata, in dawo ta hanyar laburare da fuskata da murmushina in ce sannunku da zuwa. Har yaba wa kaina na yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, in ba tabarau ba na gane mutum sai ya zo kusa. Daga nesa abin da nake gani kawai farin abu, shuɗin abu, da wani ɗan dunƙulallen abu a tsakiya. Sai da na zo inda ba halin juyawa sannan farin abin ya zama babbar rigar da Baba yake sawa ranar Juma'a, wadda ya ɗinka da hannunsa. Yana zaune ya rungume wata kula a cinya. Shuɗin abin Baffa Garba ne, yana kaɗa makullin mota. Ta tsakiyar kuma Iya Tabawa ce, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ta goye ni tun ina tsumma, da sandarta da baƙin tabarau, don yanar ido ta rufe mata gani.

Baba bai taɓa zuwa makarantar nan ba. Ko ranar da aka kawo ni cewa ya yi ba ya buƙatar ganin inda zan zauna, ya yarda da ni.

A nan ne mai hankali za ta ɗaga niƙabi ta ce Baba sannu da zuwa, ta haɗiye 'yar kunyar da ta rage. Amma na kalli Baffa, na tuna maganar dakali, na ce a raina in na buɗe fuska yanzu na zama maƙaryaciya a gaban mutumin da ya shekara uku yana jiran wannan rana. Na sunkuyar da kai na ƙara sauri.

“Yawwa, 'yar nan. Ke ce ɗazu ko?”

Na manta shaf cewa wannan niƙabin da wannan hijabin su ne suka kawo musu saƙo ɗazun nan. A wurinsu ni ce Safiya, sai dai na ɗan gajarce.

Na durƙusa. Na matse murya na fitar da ita ta hanci, siririya, na ce, “Eh, Baba, ni ce. Sannunku.”

“Ba ta dawo ba ko?”

“Ba ta nan, Baba.”

“To in ta wajen laburaren za ki bi, ki ce mata…” Sai ya tsaya, ya girgiza kai. “A'a, bar shi. Kada a tashe ta daga karatu. Mu da muka zo ba sanarwa, mu ne da jira.” Ya juya wajen Baffa. “Ka ji ko, Yaya? Tun safe.”

Na yunƙura zan tashi, ya ce, “Ɗakinku ɗaya da ita?”

“Eh.”

“To kin yi sa'ar abokiyar zama.” Daga nan ya shiga ba ni labarina. Yadda na sauke Alƙur'ani, yadda nake haɗa masa maɓallai tun hannuna bai kai kan keke ba, yadda duk wanda ya zo garin nan daga unguwarmu yake komawa yana sa mini albarka. Zufa tana bin bayana, numfashina yana dawo mini a fuska, ina ta cewa Allah sarki, Allah sarki, ta hanci.

Sai Baffa ya gyara zama. Shi ba yabo ya kawo shi ba.

“Yarinya, ki gaya mini tsakani da Allah. Wane lokaci take dawowa ɗaki? Samari suna sallama da ita a nan?”

Jama'a, a nan ne na san ba ni da kunya. Dama ce ta samu in ba da shaida a kan kaina, kuma na ba da ita ba ƙyashi. Na ce ai Ummi daga aji sai masallaci. Na ce ko kallon namiji ba ta yi. Na ga Baba yana gyaɗa kai, sai abin ya fara yi mini daɗi, na ƙara da cewa malamai ma da ita suke ba da misali. (Malami ɗaya ne ya taɓa ba da misali da ni, kuma a kan barci a aji ne.)

Sai Baba ya sassauta murya ya ce, “Tana cin abinci kuwa? Don ita in abu ya dame ta ba ta faɗa.”

Da ƙyar na ce, “Tana ci.”

Duk wannan lokaci Iya Tabawa tana kasa kunne. Ta dai karkatar da kai gefe ɗaya, kamar mai sauraron rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Can sai ta buga sandarta a ƙasa.

“Wai ku wa kuke jira ne?”

“Ummi mana, Iya,” in ji Baba.

“Wace Ummin? Ba ga ta nan tana muku magana ta hanci ba?”

Baba ya yi dariya. “A'a Iya, ƙawarta ce. Wata mai niƙabi.”

“Ni ina na ga niƙabi? Ni da ko rana ba na gani sai hayaƙi-hayaƙi. Habu, wannan muryar ai na san ta tun ba ta da haƙora cikakku. Ita take yi in ta ɓuya bayan randata, an aiko kiran ta makarantar allo, ta maƙe murya ta ce Ummi ba ta nan.” Ta miƙo hannu tana lalube har ta kama gefen hijabin. “Ke ja'ira, ba za ki gaishe ni ba?”

Duk dabarata ta tsaya ne a kan masu ido. Ko sau ɗaya ban yi tunanin wadda ba ta gani ba.

Mai gadi ya daina taunar goro. Wasu 'yan mata biyu da suka zo wucewa suka rage tafiya, suka tsaya gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Na ɗaga niƙabin, fuskata sharkaf da zufa, ba tabarau, ina ƙifta ido kamar an fito da ni daga rijiya.

Baffa bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai sa makullin motarsa a aljihu a hankali ya ce, “To, Habu. Ga wadda ba ta taɓa yi maka ƙarya ba.”

Na jira Baba ya kalle ni. Bai kalle ni ba, kular da ke cinyarsa yake kallo, yana shafa murfinta da babban yatsa. Ban taɓa ganin babbar riga ta yi wa mutum yawa a lokaci ɗaya kamar yadda ta yi masa ba.

“Baba, jarrabawa gare ni yanzu, shi ya sa…”

“Je ki rubuta,” ya ce. “Muna nan.”

Haka na tafi ina tattare hijabin Safiya kada ya kayar da ni. Abin da na rubuta a takardar nan Allah kaɗai Ya sani. Na ci dai, da ƙyar, kuma ina zargin malamin tausayin tabon hawaye ya ji.

Da na dawo Baffa ya kai Iya cikin mota ta huta, Baba ne kaɗai a bencin. Ashe bayan tafiyata Safiya ta fito da aron mayafi, kuma don ta wanke ƙaryar da na sa ta, ta zazzage masa gaskiya har da wadda ba a tambaye ta ba. Tabarma, koko, layin asibiti, katifar tagwaye, ba abin da ta bari.

Na durƙusa a gefensa.

“Tun daga nesa na ga tafiyar,” ya ce. “Na ce a raina wannan kamar Uwata. Amma an ce mini kina laburare, sai na ƙaryata idona.”

Na fashe da kuka, irin mai majina, ba irin na mutunci ba.

“Me ya hana ki ce mini kin gaji?”

“Baba, na ga kana jin daɗi.”

“Ina jin daɗi mana. Na ɗauka ke ma kina ji.” Ya ja numfashi. “Ashe ni ina can ina rabon ki kamar goron ɗaurin aure, kowa ya miƙo hannu in ba shi.”

Ya ɗora mini kular a cinya. Dambun nama ne da Umma ta yi, da yaji a ƙulle a leda. Sannan ya gaya mini abin da ya ƙarasa ni. Ba a wurina za a sauke Iya ba. Akwai surukan Baffa a garin, a can za ta zauna har a yi mata aikin idon. Sun biyo ne kawai ya gan ni, ya ba ni dambu, su wuce. A duk baƙin da na yi a makarantar nan, waɗannan ne kaɗai ba su zo neman komai a wurina ba, kuma su na zaɓa na ɓuyar wa.

Hutu ya zo, na dawo Kano gabana yana faɗuwa. Tun daga Ƙofar Ɗan Agundi nake addu'ar Allah Ya sa lungunmu ba kowa. Ina. Iya Tabawa ta warke, tana gani tar, kuma ba gidan da ba ta shiga da labarin ba, har da kwaikwayon muryar. Mai kayan miya ya ce, “Sannu da zuwa. Ummi ce ko ƙawarta?” Matan gidan suna haka, yaran makarantar allo haka. Na shige ɗaki na ce ba ni ba fita.

Abin da ya fi damuna ba tsokanar ba ce. Hoton nan na saman keke nake tunani, da mutumin da ke zaune a ƙarƙashinsa, wanda na kunyata a gaban yayansa. Washegari bayan La'asar na zo wucewa ta bayan labulen soro, wurin da na tsaya shekarun baya, sai na ji muryar Baffa a dakali yana maimaita labarin, dattawa suna dariya. Ya ƙare da cewa, “Ni dai na faɗa tun farko.”

Keken ya tsaya. Na riƙe numfashi.

“Yaya, ai ni abin da na gani ranar nan shi ya ƙara kwantar mini da hankali,” in ji Baba. “Yarinya ta shekara uku a wani gari, cikin 'yan boko, ta tashi yin ƙarya, ba ta samo sabuwa ba sai wadda take yi a bayan randa? Har wadda ba ta gani ta kama ta? Ku duba fa. Uwata ko ƙarya ba ta iya ba.”

Dakalin ya kwashe da dariya, har da Baffa, ko da yake tasa gajeriya ce. Keken ya ci gaba da ƙara. Ni kuma na tsaya a bayan labule ban san ko godiya zan yi ko ƙasa zan roƙa ta tsage ba. Mutumin nan ya ɗauki abin kunyata ya juya shi ya yi masa sabon ɗinki, ya rataye kusa da hoton.

Baƙi ba su daina zuwa ba, kada ku yi zaton haka. Baba bai iya ganin mai buƙata ya yi shiru ba, kuma har na gama makarantar Uwata tana can. Abu ɗaya ne ya canza. Idan ya kira, kafin ya ambaci sunan kowace Hajiya, sai ya rage murya yadda dakali ba zai ji ba ya ce, “Uwata ce, ko ƙawarta?”

In da sauran ƙarfi sai in ce ni ce. In kuwa na kai maƙura sai in ce, “Ƙawarta ce, Baba.”

Shi kuma ya ce, “To ki gaishe ta. Ki ce ta ci abinci ta kwanta.”

Safiya dai har muka rabu ko allura ba ta sake ara mini ba, kuma ban ga laifinta ba. Darasin da na ɗauka bai da yawa. Wanda ya yarda da kai har ya ƙaryata idonsa, gaya masa ka gaji ya fi sauƙi a kan zufar niƙabin aro. In kuma har ɓuyan ya zama dole, to ka fara leƙawa ka tabbatar wadda ta goye ka ba ta zaune a kan bencin.